Gargaɗi ga Mazauna Manyan Birane: A Ƙirga Ku a Inda Kuke Kwana

Jama'a, a tsaya a saurara, maganar nan ta shafi ruwan da muke sha da asibitin da muke kai 'ya'yanmu. A watan Nuwamba na 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sabon rahotonta kan biranen duniya. Ta ce Jakarta ta ƙasar Indonesiya ce yanzu kan gaba da mutum kusan miliyan 42, Dhaka ta Bangladesh na biye da kusan miliyan 37, Tokyo kuma, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana riƙe da kambun, ta koma ta uku da miliyan 33. Shekara bakwai kacal kafin nan, a 2018, wannan majalisa da kanta ta ba Tokyo miliyan 37, Jakarta kuwa ba ta kai miliyan 11 ba, ko cikin goman farko ba ta shiga ba. Shin mutum miliyan 30 ne suka ɗaure kaya suka tare a Jakarta cikin shekara bakwai? Ko kusa. Ma'auni aka sauya. Mutanen suna nan tun da can, suna haƙa rijiya, suna zubar da shara, suna cika jiragen ƙasa kowace asuba. Takarda ce ba ta gan su ba.

Abin da ya hana ni barci ke nan. In har birni zai iya ɓoye mutum miliyan 30 a bayan layin da wani jami'i ya ja a kan taswira, to mu da rabonmu da ƙidaya tun 2006, mutum nawa muka ɓoye a Legas, a Kano, a bakin Abuja?

Bari a fahimci yadda ake auna birni, don a nan ne ake yi mana rufa-ido. Wani yakan ɗauki iyakar mulki kawai, wato inda ikon magajin gari ko gwamna ya tsaya. Da wannan ma'auni birnin Paris bai wuce mutum miliyan 2 da 'yan kai ba, alhali gine-ginen da suka manne da shi ba tare da yankewa ba suna ɗauke da wajen miliyan 11. Da wannan ma'aunin dai, sai ka ji an ce Chongqing ta ƙasar Sin tana da mutum miliyan 32, ta fi kowane birni. Amma faɗin abin da ake kira Chongqing ya haura murabba'in kilomita 82,000, ya fi Jihar Neja, wadda ita ce mafi faɗi a Nijeriya, kuma yawancinsa duwatsu ne da gonaki da ƙauyuka. Ma'auni ɗaya, ya ƙanƙantar da wani ya kumbura wani. Wani kuma yakan bi gine-gine, ya ce duk inda gidaje suka haɗe da juna birni ɗaya ne ko da an ƙetare iyakar jiha. Wani ya ƙara faɗaɗawa, ya haɗa da duk garin da mutanensa ke sammako zuwa aiki cikin birnin su koma da dare. Shi ya sa Tokyo take da amsa uku: unguwanni 23 na tsakiyarta ba su cika miliyan 10 ba, lardin da gwamnanta ke mulka wajen miliyan 14 ne, babban yankinta kuma miliyan 37. Kowace amsa daidai ce, matuƙar an faɗi inda aka ja layi. Haɗarin yana wurin wanda zai jefo maka lamba ya ƙi gaya maka layin.

Ko kalmar birni ma ƙasashe ba su daidaita a kanta ba. A Denmark matsugunin mutum 200 ya isa a lissafa shi cikin birane, a Nijeriya sai ya kai 20,000, a Japan 50,000. Don a kawo ƙarshen wannan ruɗani ne hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabon tsari a 2020. Ana yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya, a duba da taimakon hoton tauraron ɗan'adam da alƙaluman ƙidaya. Duk inda aka samu aƙalla mutum 1,500 a gida ɗaya, gidajen suka jeru a manne, jimillarsu ta kai 50,000, to birni ne, ko wane ne ke mulkinsa. Wannan tsarin ne ya tono mutanen Bekasi da Depok da Tangerang da Bogor ya haɗa su da Jakarta. Amma a lura da kyau: tauraron ɗan'adam rufin kwano yake gani, ba ya ganin mutum nawa ke kwance a ƙarƙashinsa. In ƙidayar ƙasa ta tsufa ko an cusa mata ƙarya, sabon tsarin ma a kan tubalin toka yake gini.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da hankali, ai gardamar masana ce. Ku dubi Jakarta ɗin da kanta. Ruwan famfo bai wadaci jama'a ba, kowa ya haƙa burtsatse, gidaje da otal-otal da masana'antu suka yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasar ta fara nutsewa. Akwai unguwannin arewacin birnin da aka auna suna yin ƙasa da kusan santimita 25 a shekara, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na birnin yanzu yana ƙasa da tsayin teku. Kogin Ciliwung da ke ratsa birnin daga tuddan Bogor yake gangarowa, wato daga wani lardi da gwamnan Jakarta ba shi da ta cewa a cikinsa. Ana sare itatuwa ana gine-gine a can sama, ambaliya tana sauka a nan ƙasa. A daren shiga shekarar 2020 ruwa ya ci yankin, mutum fiye da 60 suka mutu, kuma bai tsaya tambayar wane ne ɗan Jakarta wane ne ɗan Bekasi ba. Nutsewar birnin tana cikin abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar ɗauke fadar mulki dungurungum zuwa Nusantara a tsibirin Borneo. Gwamnati tana iya ƙaura. Talaka miliyan 40 ina za shi?

A Dhaka ma, ginin Rana Plaza da ya rufta ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe ma'aikatan ɗinki fiye da 1,100 yana Savar ne, a gefen birni, irin wuraren da masana'antu ke gudu su fake saboda ido bai cika kai wa can ba. Gefen birni shi ne inda jama'a suka fi saurin ƙaruwa, shi ne kuma inda hukuma ta fi rauni. Haka abin yake a ko'ina.

Yanzu mu dawo gida, don Legas tana cikin jerin biranen da suka haura mutum miliyan 10, kuma 'yan'uwanmu ba su ƙirguwa a cikinta: Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago. Mutum nawa ne a Legas? Ƙidayar 2006 ta ce jihar tana da miliyan 9 da 'yan kai. Gwamnatin jihar ta yi fatali da wannan, ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17 da rabi. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce wajen miliyan 13 da rabi. Yau jami'an jihar sukan ce an haura miliyan 20. Tsakanin ƙaramar lamba da babba akwai rata ta mutum miliyoyi, kuma da ɗaya daga cikin lambobin nan ake lissafin bututun ruwa, gadon asibiti, ajin makaranta da motar kashe gobara. Kamar uwar biki ce da ta auna garin tuwon mutum ɗari, mutum ɗari uku suka cika gida. Wanda zai kwana da yunwa an san shi, shi ne na bakin ƙofa.

Legas ɗin ma ta daɗe da tsallake iyakarta. Ota, Akute, Ibafo, Mowe, duk Jihar Ogun ce a takarda, amma da Legas suke numfashi. Masu harkar shanu a kasuwar Kara sun san abin da nake faɗi. Duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan, Kogin Ogun ya cika ya batse, ruwa ya shiga Kara da Isheri ya gangara wajen Mile 12, sai a shiga nuna wa juna yatsa tsakanin jiha biyu da gwamnatin tarayya, mai dukiya yana tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu. Abuja ma haka. Ƙidayar 2006 ta ba babban birnin tarayya mutum miliyan 1.4. Wanda duk ya taɓa bin hanyar Mararaba zuwa Nyanya da asuba ya san ma'aikatan Abuja a Jihar Nasarawa suke kwana, wasu a Suleja da Madalla ta Jihar Neja. Ƙarfinsu yana Abuja, shararsu da rashin lafiyarsu da 'ya'yansu masu neman makaranta suna wuyan ƙananan hukumomin da kasonsu bai san da su ba.

Sai Kano. Mun daɗe muna bugun ƙirji da cewa ƙidayar 2006 ta ba Kano miliyan 9.4, ta ɗara Legas. Wannan lambar jiha ce mai ƙananan hukumomi 44, da faɗin murabba'in kilomita wajen 20,000, har da Doguwa da Tudun Wada da Ɗambatta. Birnin kansa, in an ɗauki ƙananan hukumomi shida na tsakiya, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa da Tarauni, mutum miliyan 2.1 da ɗoriya ne a lokacin. In an ƙara Ungogo da Kumbotso ya zama miliyan 2.8. Wannan tun kafin awon igiya ya cinye gonakin da ke kewaye. Yau gidaje sun miƙe ta hanyar Zariya zuwa cikin Dawakin Kudu, ta hanyar Haɗeja zuwa Gezawa, ta hanyar Katsina har Dawanau ta Dawakin Tofa. Dillali ya yanka gona da igiya, bai bar hanyar mota ba, bai bar magudanar ruwa ba, bai bar filin makaranta ko na maƙabarta ba. Mutum ya gina, ya tare, ya haifi 'ya'ya biyar, a takardar hukuma kuma wurin har gobe gonar dawa ce. Ruwan Tamburawa da na Challawa ba da shi aka yi lissafinsa ba, don haka rayuwarsa ta rataya a wuyan 'yan garuwa da burtsatsen maƙwabci da aka haƙa taku kaɗan daga masai. Gobara ta tashi, motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya a bakin titi, lungu ya hana ta shiga.

Ina roƙon mu daina murna da lambar da ba ta kawo mana ko bokitin ruwa ba. Gardamar Kano da Legas wa ya fi yawa ta ci mana shekaru, kuma amfaninta ga 'yan siyasa ne, saboda yawan jama'a yana cikin ma'aunan rabon kuɗin asusun tarayya da na kujerun majalisa. Wannan kwaɗayin ne ya lalata mana ƙidaya tun farko. Ta 1962 an soke ta. Ta 1963 ta haifar da rikicin da ya girgiza jamhuriya ta farko. Ta 1973 an soke ta. Ta 1991 da ta 2006 an karɓa ana gunaguni. Ƙa'idar duniya ita ce a yi ƙidaya duk shekara goma. Ta 2016 ba a yi ba. An sa watan Mayun 2023, ana saura kwanaki aka ɗage. Jaririn da aka haifa a makon ƙidayar Maris 2006 yau ya isa jefa ƙuri'a, wata ma tana goye da nata ɗan. Duk lambar da kuka ji ana faɗa game da biranenmu a yau, tsohuwar lambar nan ce aka ninka da hasashe. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Kinshasa, birni mai mutum fiye da miliyan 10 a ƙasar da rabonta da ƙidaya tun 1984.

Kumbura lamba ma cuta ce, kada a ɗauka ragewa ce kawai matsala. Unguwar Kibera ta Nairobi an shafe shekaru ana cewa mutum miliyan ɗaya ne a cikinta, ƙungiyoyi suna neman tallafi da wannan lamba. Ƙidayar Kenya ta 2009 ta samu kimanin 170,000. Idan aka saba jin ƙarya, ranar da aka faɗi gaskiya ba mai yarda, kuma taimakon da ya kamata ya je wasu unguwannin da ba a san sunansu ba sai ya taru wuri ɗaya.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne annoba. A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas da cutar Ebola. Duniya ta riƙe numfashi. Allah Ya kiyaye, aka tsaya a mutum 20, takwas suka rasu, cikinsu har da likita Stella Adadevoh da ta hana majinyacin fita daga asibiti. Abin da ya taimaka shi ne an bi sawun mutum wajen 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, gida-gida, kullum. Ku yi tunanin da cutar ta fara faɗawa unguwar da ba sunan layi, ba lambar gida, ba wanda ya san mutum nawa ke kwana a ɗaki. Mun ɗanɗana kaɗan daga wannan lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, yawancinsu yaran da ba su samu rigakafi ba. Allurar rigakafi da lissafi ake aiko ta: yara nawa ne a mazaɓa kaza, a ba su kwalba kaza. Idan lissafin ya ce yara dubu ne alhali dubu uku ne, jami'i zai rubuta cewa ya gama da kowa, takarda ta yi kyau, yara dubu biyu suna nan a buɗe. Masu yaƙi da shan inna sun gano haka da wuya. Sai da suka koma amfani da hoton tauraron ɗan'adam suka tarar da matsugunan da babu su a taswirar da ake aiki da ita, kuma sai bayan irin wannan aiki aka kai ga tabbatar da kawar da nau'in cutar na daji daga Nijeriya a 2020.

To ga abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya. Duk ranar da aka sa ƙidaya, za ku ji ana yawo, a masallaci, a majalisa, a ƙungiyar 'yan gari, ana cewa kowa ya koma mahaifarsa a ƙirga shi a can, don garinmu ya samu ƙaramar hukuma ko kujera. Wani ɗan siyasa ma zai ba da mota kyauta. Kada ku hau. Malam, kai da kake sayar da tumatir a Mile 12 shekara ashirin, iyalinka suna Agege, in ka kwashe su ka tafi ƙauye aka ƙirga ku a can, ka share sunanka daga unguwar da matarka za ta haihu, da makarantar da ɗanka zai zauna a ƙasa don babu benci. Ka ƙara wa ƙauye lamba, lambar kuma ba ta zuwa asibiti. Kai ne za ka je. Kuma ranar da aka zo rusau, hujjar farko da za a kafa ita ce ba a san da ku ba. A Yulin 1990 an rushe Maroko a Legas, aka watsa mutum wajen 300,000. Tsakanin 2016 da 2017 an kori fiye da 30,000 daga Otodo Gbame. Wanda ba ya cikin lissafi ba ya cikin diyya. Son mahaifa abu ne mai kyau, a nuna shi da gina rijiya da biyan kuɗin makarantar marayu. Ƙidaya kuwa amana ce, kuma shaidar zur ce mutum ya ce yana zaune inda ba ya zaune.

Samarin da ke shirin ci-rani, ku ma ku ji. Miliyan 20 da ake faɗa game da Legas ba yawan aiki ba ne, yawan masu neman aiki ne tare da kai. An hana acaɓa a manyan sassan Legas a 2020, aka ƙara tsanantawa a 2022, babura da yawa aka murƙushe. Kafin ka sayar da akuyar gyatuma ka hau tirela, ka tabbatar wa za ka sauka wurinsa, ina za ka kwana, wace sana'a ce ke jiranka. In ka je, ka kai kanka wurin Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa a rubuta sunanka da na garinku.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, wannan aiki tun asali naku ne, kuma ba sai kun jira Abuja ba. Littafi ɗaya ya isa: gida nawa ne a unguwa, mutum nawa a kowane gida, haihuwa nawa, rasuwa nawa, baƙo nawa ya tare a bana. Kada ku sa hannu a cinikin filin da ya toshe hanyar ruwa ko ya cinye layi, komai girman wanda ya kawo takardar. Mai sayen fili kuma ya je ya ga wurin da damina kafin ya biya, ya tambayi hukumar tsara birni ko an san da shi. Iyaye mata da maza, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa haƙƙin jariri ce, a karɓa masa tun kafin a yi suna ya huce.

'Yan jarida, ku daina kwafo lamba kuna watsawa. Wanda duk ya ce birni kaza yana da miliyan kaza, ku tambaye shi: jiha kake nufi ko birni, ina ka ja layi, wace shekara aka ƙirga, wa ya ƙirga? Gwamnonin da biranensu suka haɗe, Legas da Ogun, Abuja da Nasarawa da Neja, su kafa hukuma guda ta ruwa da shara da sufuri da ambaliya, tunda jama'ar guda ce. Kano ta sake shata iyakar birninta bisa inda gidaje suka kai a yau, ta tsara sababbin unguwanni kafin dillalai su riga ta.

Gwamnatin tarayya kuma ta sa rana, ta ware kuɗi, ta yi ƙidaya ta gaskiya, ta fitar da sakamakon har matakin mazaɓa da unguwa don kowa ya gani ya tantance. Ku tambayi ɗan majalisarku wannan magana duk inda kuka gan shi, ku maimaita ta a rediyo, ku kai ta gaban limamai su faɗa a huɗuba. Ranar da malaman ƙidaya suka ƙwanƙwasa ƙofa, ku kasance a gida, ku faɗi adadinku daidai, kada ku ƙara ko mutum ɗaya, kada ku ɓoye ko jariri, ko almajiri, ko ɗan aiki, ko baƙon da ke kwana a soro.